Littafin Farfesa Sagay a kan teburin shagonmu na Dawanau

Riɗi buhu 600 ne ya sa na sayi littafin nan na dokar kwangila. Kawuna yana sana'ar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau tun ina firamare, ni kuma nake riƙe masa lissafi tun da na gama difloma a fannin shari'a. Wata kaka wani mai fitar da kaya waje ya zo daga Legas da takarda mai shafi 9, duk da Turanci. Kawu mutum ne mai karatu. Ya sauke, ya yi littattafai a zaure, bashin da yake bin mutane da ajami yake rubuta shi, ko sisi ba ya ɓace masa. Boko ne kawai bai yi ba. Ranar na tafi ta'aziyya Gezawa, dillali ya ce masa ai abin da aka saba ne, sai ya sa hannu da Larabci. Ashe a shafi na 7 akwai sharaɗin cewa mai saye ne kaɗai zai auna danshi da dattin kaya bayan sun isa Legas, abin da ya yanke kuma shi ke nan. Da kuɗi suka iso, an zabtare abin da ya zarce ribar gaba ɗaya.

Da daddare, bayan mun rufe sito, Kawu ya ce mini, "Ɗana, kai da ka yi karatun lauya, yanzu wannan takardar ta fi maganar da muka yi da shi baki da baki?" Na ce, "Kawu, ka ba ni kwana biyu." Gari na wayewa na nufi Sabon Gari neman littafin da malamanmu suka sha ambata a aji, wato Nigerian Law of Contract na Farfesa Itse Sagay.

Bari in fara da gargaɗi ga mai saye. Kwafin da na fara ɗauka a wani shago na jabu ne. Araha ta ja ni. Takardarsa shara-shara, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, ƙananan bayanan da ke ƙasan shafi sun cakuɗe ba sa karantuwa, sannan a tsakiya wasu shafuka sun maimaitu, wasu babu su sam. Na mayar, mai shagon ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Dole na sake sayen na ainihi a wani wurin, bugun kamfanin Spectrum na Ibadan, a kan kusan ninki uku na kuɗin farko. Idan za ka saya, ɗaga shafi ɗaya ka duba shi a hasken rana, sannan ka bi lambobin shafuka daga farko zuwa ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi.

Da yawa a nan Arewa sun san marubucin ne ta rediyo, tun da Shugaba Buhari ya naɗa shi shugaban kwamitin ba da shawara kan yaƙi da cin hanci a 2015. Ba kowace maganarsa ta siyasa nake yarda da ita ba, yana da zafin harshe. Amma tun kafin wannan, malamin jami'a ne na gaske. An haife shi a 1940, ɗan ƙabilar Itsekiri, ya karanta shari'a a Jami'ar Ife, ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, inda ya zurfafa a dokar ƙasa da ƙasa, har ya rubuta littafi a kan rikicin Namibiya. Ya dawo ya koyar a Ife, daga baya ya jagoranci tsangayar shari'a a Jami'ar Benin, ya kuma kai matsayin babban lauya, SAN. Wannan littafi na kwangila ya fara fitowa a 1985, bugu na biyu ya biyo baya a 2000, shi ne nawa.

Abin da ya sa nake ganin girman aikinsa shi ne wannan. Dokar kwangila da manyan kotunanmu ke aiki da ita gado ce daga Ingila, har da dokokin majalisar can da suke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900, irin su dokar sayar da kaya ta 1893. Saboda haka ɗalibi yakan tashi da labaran Turawa a kansa: matar da ta shaƙi maganin mura na kamfanin Carbolic ta nemi fam 100 da aka yi alkawari a talla, ko masu injin niƙa na Gloucester da aka jinkirta musu kai ƙarfen injinsu, a shari'ar 1854. Farfesa bai jefar da waɗannan ba, domin su ne tushe. Sai dai kowace ƙa'ida ya kawo, zai bi ta da abin da alƙalan Najeriya suka yanke, a kan motocin haya da gidajen haya da bashin banki na mutanen da sunayensu irin namu ne. A nan na ci karo da shari'ar Ajayi da kamfanin Briscoe ta 1964, kan manyan motocin da aka saya biya sannu-sannu suka lalace, da ta Araka da kamfanin Monier ta 1978, inda yaƙin basasa ya raba ɗan haya da gidan da ya kama a Fatakwal, Kotun Ƙoli ta ce yarjejeniyar ta rushe ba da laifin kowa ba. Kuma ba ya tsayawa a ba da labari. Inda ya ga hukunci bai zauna daidai ba, zai faɗa cikin ladabi, ya kawo dalilinsa.

Babin tayi da amincewa ya fi kowanne yi mini daɗi, don kamar a bakin sitonmu aka rubuta shi. Wani Bature a 1840 ya sa wa gonarsa fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ce albarka, sai ya dawo ya ce to ya saya a dubun. Kotu ta ce babu ciniki, tayinsa ya kashe farashin farko. Da na karanta wa Kawu, dariya ya yi ya ce, "Wannan ai ko yaron shago ya sani. Ka taya, an ce albarka, ka zaga ka dawo, sai abin da mai kaya ya ce."

Amsar tambayarsa kuwa ba ta zo da daɗi ba. Ƙa'idar ita ce, wanda ya sa hannu a takarda ta ɗaure shi, ko ya karanta ko bai karanta ba, in dai ba yaudara aka yi masa ba. Misalin da ake kafa hujja da shi na wata mai gidan shayi ce a 1934, da ta sayi injin sayar da sigari ta sa hannu ba ta duba ƙananan rubutun ba. Injin ya ƙi aiki, kotu ta ce ita ta jiyo. Kuma idan an rubuta yarjejeniya, da wuya a saurari maganar baka da ta saɓa mata.

Sai na isa inda yake bayani kan dokar kare wanda bai iya karatu ba, nan na zauna har aka kira assalatu. Dokar ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, dole ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, wanda ke nufin ya shaida cewa an karanta wa mutumin, an fassara masa, kafin ya sa hannu ko ya dangwala. To, amma wane ne wanda bai iya karatu ba? A 1959 wani alƙali a Yammacin Najeriya ya ce shi ne wanda ba ya iya karanta harshen da aka rubuta takardar da shi. Amma a shari'ar kamfanin PZ da Gusau da Kantoma, wadda ta taso daga nan Arewa, mutumin da ya tsaya wa wani lamuni ya iya Larabci bai iya Turanci ba, kotun ƙoli ta lokacin ta ce a 1962 kariyar ta wanda bai iya karatu da kowane harshe ba ce. Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci. Wato ilimin da Kawu ya kwashe shekaru yana nema a gaban malamai, shi ne zai hana shi kariya a kan takardar da ko harafi ɗaya bai gane ba a cikinta. Daga baya Kotun Ƙoli ta karkata ga duba harshen takardar, kuma wannan shi ne adalci. Da waɗannan shafukan na je wurin lauya. Shi ya rubuta wasiƙa, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa suka shiga tsakani, aka yi sulhu, muka dawo da wani kaso na kuɗin, ba duka ba. Littafin bai maye gurbin lauya ba, amma ya sa na san abin da zan tambaye shi.

Inda littafin ya gaza mini, ba zan ɓoye ba. Turancinsa na lauyoyi ne, ga kalmomin Latin, mai sakandare zai sha wuya. Bugun 2000 da nake da shi ya riga zamanin da ake ƙulla cinikin tirela guda da saƙon murya a WhatsApp, ya kuma riga dokar shaida ta 2011 da ta tsara karɓar hujjar kwamfuta da waya, don haka mai saye yau ya nemi bugun da ya fi sabunta. Babban abin kuma, rabin cinikin Dawanau ba a kan wannan doka yake tafiya ba. Mu muna da dillali da la'adarsa, da kafin alƙalami, da kuɗin da ake ba manomi tun damina ya kawo amfani da kaka, wanda malamai ke kira salam, da sharuɗɗansa na fayyace mudu da nau'i da lokaci. Idan rigima ta tashi tsakanin Musulmi biyu, sau da yawa kotun shari'ar Musulunci ake zuwa, inda alƙali zai buɗe Tuhfa ko Muhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya. Wannan duk ba fagen littafin Farfesa ba ne, bai kuma yi da'awar haka ba. Ina dai fatan wani daga cikin malamanmu na Bayero ko na Zariya ya yi mana irin wannan aiki da Hausa, ya jera ƙa'idar Malikiyya da hukuncin manyan kotuna gefe da gefe, yadda ɗan kasuwa zai gane inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ɗalibin shari'a, wannan dole ne ya mallake shi, kuma na ainihi. Ɗan kasuwar da ke hulɗa da kamfanoni da bankuna, idan yana da yaro mai Turanci a shago, kuɗin littafin bai kai asarar buhu ɗaya ba. Wanda cinikinsa bai wuce tsakaninsa da maƙwabtansa na kasuwa ba, zaman karatun babin ciniki a gaban malamin fiƙihu zai fi yi masa amfani.

Nawa yanzu yana kan tebur kusa da sikeli, bangonsa ya yi baƙi da ƙurar riɗi, na naɗe gindinsa da salatif. Duk takardar da ta shigo, sai na karanta wa Kawu ita da Hausa sharaɗi bayan sharaɗi, shi kuma yana rubuta abin da ya fahimta da ajami a littafinsa, yana cewa dama aya ta 282 a Baƙara ta riga ta ce a rubuta. Bana da wani mai saye ya zo da irin wancan sharaɗin, Kawu ya sa yatsa a kan layin ya ce a nan Dawanau za a auna kaya, a gaban kowa, kafin a ɗora wa mota. Mutumin ya fita ya yi waya, ya dawo ya soke layin da biro, su biyun suka sa hannu a gefe.