Na gwada reuse a kan manhajarmu mai lasisi kala-kala, ga yadda na same shi

Duk wanda ke rubuta manhaja da haɗin gwiwa a nan Zariya, musamman mu 'yan wajen Samaru da ɗalibai ke shigowa aiki su fita, ya san yadda maganar lasisi, wato sharuɗɗan da aka yarda wasu su yi amfani da kod a kansu, ke zama abin da ba mai kula shi sai ranar da wani ya tambaya. Tamu manhajar ta fitar da sakamakon jarrabawa ce ta makarantun Islamiyya, tana kan GitHub, shafin ajiye kod, kowa na iya ɗauka, to wata ƙungiya ta so ta ɗora nata aikin a kai sai suka aiko da tambaya guda: wai wanne ne lasisinku? README, fayil ɗin bayanin manhajar, ya ce MIT, fayil ɗin LICENSE kuma GPL-2.0 ne a ciki, package.json na cewa ISC sabida shi npm init, umarnin da ke ƙirƙirar wannan fayil ɗin, ke sakawa da kansa in mutum ya yi ta danna enta, ga wasu fayiloli da sunan wasu Turawa a samansu da ba wanda ya san daga ina aka kwaso su. Amsa uku ga tambaya ɗaya kenan.

Abin da muka yi aiki da shi don warware wannan sunansa reuse, kayan aiki ne na tsara bayanan lasisi, na ƙungiyar Free Software Foundation Europe ne, sun fara tsarin a 2017. Kyauta ne, da Python aka rubuta shi, pipx install reuse kawai shikenan ya sauka. Dokarsa ba yawa: kowane fayil ya faɗi mai shi da lasisinsa a layukan farko, da gajerun sunayen nan na SPDX, wani tsari na bai-ɗaya na sunayen lasisi, irin su MIT ko Apache-2.0, sannan cikakken rubutun kowane lasisi ya zauna a folda mai suna LICENSES. Irin alamomin da Linux ma suka fara sa wa fayilolinsu tun 2017 ne, kuma SPDX ɗin ya zama ma'aunin ISO a 2021, ba wai ƙirƙirar wasu 'yan tsiraru ba ce. Manyan ayyukan manhaja irin su curl da KDE duk suna bin tsarin.

Inda ya burge ni gaskiya shi ne umarnin reuse lint, mai duba ko komai ya bi dokar. Kana buga shi zai zazzago maka komai, fayilolin da ba su da bayani, lasisin da aka ambata amma babu rubutunsa a folda, wanda ke cikin folda amma ba fayil ɗin da ke amfani da shi, da sunayen lasisin da aka daina. Nan ne ya kama mana GPL-2.0 ɗin nan, sabida SPDX sun ajiye wannan sunan, yanzu sai dai ka ce GPL-2.0-only ko GPL-2.0-or-later, kuma wallahi tsakanin biyun nan akwai tazara babba, zan dawo kanta. Wani abin daɗi kuma lint baya cin data, a kan kwamfutarka yake aiki ko da sabis ya ɗauke, reuse download ne kaɗai ke son intanet ya jawo rubutun lasisi kuma 'yan kilobait ne.

Hotuna da font tunda ba a rubutu a cikinsu sai ka yi musu ɗan fayil a gefe mai ƙarewa da .license, ko ka haɗa su gaba ɗaya a REUSE.toml. Muna amfani da font ɗin Harmattan na SIL don sunayen ɗalibai da ajami, shi lasisinsa OFL-1.1 ne, da can yana zaune a folda kamar namu ne, yanzu an rubuta na wane ne. reuse annotate kuma shi ke manna layukan a saman fayiloli da yawa lokaci guda, amma fa a yi hattara, duk abin da ka gaya masa shi zai rubuta, in ka sake shi a kan folda baki ɗaya zai sa sunanka har a kan kod ɗin da ba kai ka rubuta ba.

To a nan ne nake so 'yan uwa su gane iyakarsa. reuse kamar magatakardan kotu yake, yana rubuta abin da aka faɗa tsaf amma ba shi ke yanke hukunci ba. Zai iya ba ka koren sakamako alhali ka haɗa abubuwan da ba sa zama inuwa ɗaya. Mu abin da ya fito fili bayan an gama jerawa shi ne asalin kod ɗinmu GPL-2.0-only ne, kuma an kwafo wani laburare mai Apache-2.0 an cusa a ciki. Apache 2.0 ta 2004 tana da sharuɗɗa kan haƙƙin ƙirƙira da GPL ta biyu, ta 1991, ba ta yarda a ƙara mata ba, sai GPL ta uku da ta fito a 2007 ce ta daidaita da ita. Da a ce or-later muke, wato GPL ta biyu ko wadda ta biyo bayanta, da sai mu hau ta uku kawai a wuce wajen, amma only, wato ta biyu kaɗai, ta ɗaure mu. reuse bai ce mana uffan kan wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, masu shi ba su taɓa cewa yana yi ba. Haka kuma baya gano inda aka kwaso kod, don wannan sai ka haɗa da wani kayan aikin mai suna ScanCode, shi ne ke bin cikin fayiloli yana shinshino rubutun lasisi, sai dai yana da nauyi, tsohuwar laftof za ta yi ta huci. Guntayen da yara suka kwafo daga Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kod, kuwa, waɗanda lasisinsu CC BY-SA ne, in ba su bar alama ba sai dai ka zauna da su ka tambaya.

Kada wani ya ce ai wa zai kula da ƙaramar manhaja a Zariya. A watan Maris 2021 wani ƙaramin laburare mai suna mimemagic da Rails, wani sanannen kayan gina shafukan intanet, ke dogaro da shi yana ɗauke da MIT, ashe akwai fayil ɗin bayanai mai GPL a cikinsa, da aka janye tsofaffin fitowarsa ayyukan mutane a duniya suka tsaya cak. Mu nan ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa, kuma kod ɗin da ba a sa masa lasisi ba na mai shi ne ɗungurungum ko da yana buɗe a GitHub.

Wahalar gaske ba ta kwamfuta ba ce, ta mutane ce. Mafitarmu ita ce canza lasisi zuwa GPL-3.0-or-later, shi kuma sai da yardar duk wanda ya taɓa sa hannu, sai muka jawo sunaye daga git log, tarihin canje-canjen kod ɗin, muka shiga nema, wani ya gama ABU yana bautar ƙasa a kudu, wata ta yi aure ta canza layi, wani imel ɗin da ya yi komit, wato ya shigar da aikinsa, da shi ma ya mutu. Kowa muka ce ya rubuta amincewarsa a fili a GitHub, ba a saƙon murya na WhatsApp ba, sabida gobe. Akwai wanda har yau ba mu same shi ba, nasa ɓangaren cire shi muka yi, wani da bai taɓa karanta shi ba ya rubuta sabo. Ni ban ga abin kunya a jinkirin ba, masu OpenSSL, wani babban laburaren tsaro, ma shekaru suka kwashe suna bin masu hannu a kod ɗinsu kafin fitowa ta 3.0 ta zo da Apache 2.0 a 2021.

Ƙorafina ɗaya a kan reuse, bayanansa sun ɗauka ka riga ka san bambancin lasisi mai sassauci da mai tilasta a bar kod a buɗe, ɗalibin aji biyu zai ɗan sha wuya kafin ya kama. Amma ga wanda zai fara sabon aiki, ko furojet na ƙarshen karatu da yake so ya rayu bayan difens, ya sa shi tun komit na farko, mintuna kaɗan ne. Mu yanzu mun ɗaura reuse lint a GitHub Actions, mai gudanar da gwaji da kansa, duk wanda ya turo fayil babu layin lasisi jan alama zai gani kuma ba a haɗe aikinsa sai ya gyara.