Shagon maganin feshin da sai an sha tambayoyi kafin a sayar maka

Satin da ya wuce na je sayen maganin ciyawa saboda gonar shinkafarmu ta Kura, ƙanina ne ya saba zuwa amma ya yi tafiya, sai aka kwatanta min wani shago a wajen Sabon Gari wai su ba sa ajiye jabu. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafin da zan yi kuma mai shi dattijo ne, wanda ya sani ya sani.

Abin da ya fara ƙona min rai jira. Mutum huɗu ne kacal a gabana amma wallahi na kusa minti arba'in a tsaye, ga rana ga babu wajen fakin, can nesa na bar mota ina ta leƙenta. Dalilin jiran kuwa Alhajin ba ya miƙa maka kwalba haka kawai, sai ya tambaye ka gonar a ina take, eka nawa, wa zai yi feshin, ragowar a ina za ka ajiye, sannan ya rubuta a wani tsohon littafi da bangonsa ya gama cinyewa. Magungunan masu ƙarfi ma ba sa kan kanta, suna cikin wani kabad na ƙarfe a bayansa, mukullin kuma a aljihun rigarsa, yaran shagon ko kusa ba sa zuwa.

Ina tsaye ina ta tsaki a zuci sai ga wata yarinya da ba za ta wuce sha biyar ba, ta dunƙule kuɗi a cikin hijabi, ta ce Baba a ba ni fiya-fiya kuɗin cizo ya hana mu barci. Ya ɗan kalle ta ya ce 'yata wa ya aiko ki? Ta ce Ummana. Ya ce to je ki ce babanku ko yayanku ya zo da kansa, ni ba na ba wa yara. Ta murguɗa baki ta fice. Wani a layi ya ce haba Alhaji ciniki ya zo har ƙofa ka kore shi, sai ya ce Malam na taɓa sayarwa na yi da-na-sani, daga nan bai ƙara ko kalma ba ya ci gaba da rubutunsa, mu ma duk muka yi tsit.

A nan fushina ya sauka gaskiya, don abin da ya yi na san shi a takarda tun ina karatun kiwon lafiyar al'umma a Chaina, ban taɓa zaton zan gan shi a shago a Kano ba. Akwai wani likita ɗan Kanada, Michael Phillips, da ya daɗe yana aiki a can, shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike a mujallar Lancet a 2002 cewa tsakanin 1995 da 1999 kusan mutum 287,000 ke kashe kansu duk shekara a ƙasar, wato 23 cikin kowane 100,000. Abin da ya girgiza duniya shi ne ƙauye ya ninka birni sau uku, kuma mata sun fi maza, alhali kusan ko'ina maza ne a gaba. Yawancinsu da maganin gona ne, wanda ke ajiye a kusurwar ɗaki kamar yadda mu ma muke yi. Kuma da suka bi diddigi suka tarar kusan ɗaya cikin uku ba su da wata tabbatacciyar cutar ƙwaƙwalwa, faɗa ne aka yi da miji ko uwar miji, zuciya ta ɗebi mutum na 'yan mintuna, kwalba kuma tana kusa, asibiti yana nesa.

Toh yanzu adadin ya sauko ƙasa da 10 cikin 100,000, ya ragu da fiye da rabi, kuma 'yan matan ƙauyen nan su suka fi raguwa. Ba wai likitocin ƙwaƙwalwa ne suka cika ƙasar dare ɗaya ba. Miliyoyin mutane ne suka bar ƙauye suka tafi aikin masana'anta, a 2011 mazauna birni suka zarce na karkara, mace ta samu albashinta ta fita daga ƙarƙashin suruka ta kuma yi nisa da rumbun da ake ajiye guba. Gwamnati ta haramta wasu magungunan ƙwari guda biyar masu tsananin haɗari daga farkon 2007, ta ƙara da wani na ciyawa a 2016. Ta ɓangaren asibiti kuma sun fara wani shiri a 2004 da ake ce wa 686 na bin masu tabin hankali mai tsanani har gida da magani, dokarsu ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta fara aiki a watan Mayun 2013. Mu tamu ta Najeriya sai Janairun 2023 aka sa mata hannu, kafin nan da dokar 1958 muke ta lallaɓawa, kuma har yau idan ka ce wa mutum ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano sai ya ɗauka zaginsa ka yi.

Kar kuma a ce su sun gama da matsalar, sauya kama ta yi. Yanzu tsofaffi ne abin ya fi ci, musamman na ƙauye da 'ya'ya suka tafi birni suka bar su su kaɗai. Ƙidayar 2020 ta nuna suna da mutum miliyan 264 da suka kai shekara 60, kuma kusan miliyan 15 a cikinsu na fama da ciwon mantuwa, wanda mu muke ce wa gigin tsufa mu wuce wajen, shi kuma mace-macensa hawa yake yi ba sauka ba.

Na yi nisa, bari in dawo kan shago. Kayan dai na gaske ne, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa duk daidai, ciyawar ma ta fara ƙonewa cikin kwana huɗu. Farashi ya ɗan ɗara na sauran shaguna kuma Alhaji ba ya ragi ko sisi, kada ka ma ɓata bakinka. POS ɗinsu ba netwok ranar, sai da na fita neman mai cirar kuɗi na biya caji. Safar hannu da takunkumi sun ƙare wai sai wani satin, wannan kam abin kunya ne ga shagon da ke wa mutane wa'azin kiyayewa. Bayanin jikin kwalba duk da Turanci, manomi nawa ne zai karanta, ko 'yar takarda da Hausa ko ajami ai sai a manna.

Yana kuma sayar da wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiyar magani, ya ce wani maƙeri yake yi masa. Na sayi ɗaya, ƙarfen mai kauri ne yana cin kwalba shida, amma kwaɗon irin na arahar nan ne, kwana uku mukullin ya fara cijewa sai da na sa masa mai. Na riga na sayi wani kwaɗon a Ƙofar Wambai na canza, akwatin yana sito a gona ba a gida ba, mukulli ɗaya a wajena ɗaya wajen ƙanina. Ranar Asabar zan koma karɓar safar hannun, amma da sassafe zan je kuma a adaidaita.