Sharhi a Kan Firamaren Gwamnati ta Unguwarmu a Kano

Makarantar da zan yi sharhi a kanta firamare ce ta gwamnati da ke ɗaya daga cikin unguwannin wajen badala a birnin Kano, kuma 'ya'yana biyu suna karatu a cikinta, ƙaramar tana aji ɗaya, babban yana aji huɗu. Ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai gyare-gyaren da zan faɗa, kuma ba na son su zama abin nuna malaman da suke iyakar ƙoƙarinsu da yatsa. Ra'ayina a kanta shi ne, makaranta ce da za ta amfani yaron da iyayensa suke leƙawa suna tambaya, saboda shugabanninta sun bar wa iyaye ƙofa a buɗe, amma cunkoson da ke cikin azuzuwanta ya isa ya ɓatar da yaron da aka tura aka manta da shi.

Maganar kuɗi ita ce farkon abin da kowane uba yake tambaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimin shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma a shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kano ta sake shelanta cewa karatu kyauta ne kuma dole ne. A wannan makaranta ba a taɓa neman kuɗin zango a wurina ba. Sai dai kyauta ba ta hana uba sayen littattafan rubutu da fensir da takalmi, ga kuɗin tara na kowace safiya. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, hedimasta ba ya yarda wani malami ya ce wa yara su kawo ko sisi, sai abin da iyaye suka zauna suka amince da shi da bakinsu.

Rana a makarantar tana farawa ne da shara, kowane aji da ɓangarensa na fili, sannan a kaɗa ƙararrawa a yi layi domin taron safe, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, malamai su bi layi suna duba farce da aski da kitso. Ana tashi wajen ƙarfe ɗaya, ranar Juma'a kuwa kafin hakan, wanda ya yi daidai da tsarin yawancin gidajen unguwar, inda yara suke cin abinci su ɗan huta su wuce Islamiyya da yamma.

Inda makarantar ta fi burge ni shi ne aji ɗaya. Malamar ajin tana koyar da karatu ne da Hausa, tana farawa da sautin harafi kafin sunansa, sannan ta haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, gaɓoɓi su zama kalma. Na taɓa tsayawa a bakin taga na ga ta rubuta «bara» da «ɓara» a kan allo, ta sa yara suna ɗora yatsa a kan lanƙwasar harafin suna furtawa, har sai da kowane layi ya iya bambanta su, waɗanda ke zaune a kan tabarma a gaba da waɗanda ke kan benci a baya. Wannan tsari ba sabon abu ba ne, domin a shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, kuma an gwada irinsa a shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara. Amfaninsa a gida shi ne abin da ba a cika faɗa ba: tunda darasin da Hausa ne, mahaifiyar yarinyar tana iya zama da ita bayan sallar Magariba ta saurari karatunta, ta gyara mata inda ta yi tuntuɓe, haka ma kakarta, wadda ba ta yi boko ba amma kunnenta yana gane kalmar da aka furta ba daidai ba.

A aji huɗu kuwa labarin ya sauya. Daga nan darussa suke komawa Turanci, kuma a ganina komawar tana zuwa ne a gaggauce, ba tare da an ɗora yaran a hankali ba. Babban yarona yana dawowa da shafi cike da rubutun da ya kwafa daga allo, rubutu mai kyau da tsafta, amma idan na ce ya faɗa mini ma'anarsa da Hausa sai ya yi shiru. Aikin gidan da ake ba su ma da Turanci yake zuwa, ba tare da ko layi ɗaya na bayani ba, don haka uwar da ta saba taimakawa a shekarun farko sai ta ga an rufe mata hanya, alhali ita ce take gida lokacin da yaron yake buɗe jakarsa. Na ɗauki wannan a matsayin babban raunin makarantar ta fuskar karatu.

Cunkoso shi ne ya ƙara wa matsalar nauyi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare, amma ajin ɗana ya ninka haka har da ɗoriya, kuma malamin da ke da irin wannan taro ba zai iya duba littafin kowa a kullum ba, komai himmarsa. Ɗaukar malamai ba a hannun hedimasta yake ba, aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a shekarar 2024, kuma fatanmu shi ne amfaninta ya iso ajin nan ta hanyar ƙarin malamai.

Abin da ya bambanta wannan makaranta da wasu da na sani shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. An amince da kafa irin waɗannan kwamitoci a faɗin ƙasa tun 2006, kuma shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya yi aikin ƙarfafa su a Kano da Kaduna da Jigawa, amma a wurare da yawa suna ne kawai a takarda. A nan kwamitin yana zama da gaske. Akwai wakilin mai unguwa a ciki, da limami, da iyaye maza da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu, har da wakilan yaran kansu. Lokacin da iskar farkon damina ta yaye kwanon ajujuwa biyu, ba a zauna jiran amsar takardar da aka kai ofis ba. Kafintan da ke cikin kwamitin ya auna ya faɗi yawan kwano da katako da ƙusar da ake buƙata, 'yan kasuwar unguwa suka ba da abin da ya sawwaƙa, matasa suka kama aikin ranar Asabar da Lahadi. Bayan an gama, ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a kan babban allo a ƙofar ofishin hedimasta, ya bar shi kowa ya karanta. Wannan allon, a ganina, shi ne dalilin da ya sa mutane ba sa jan ƙafa idan aka sake neman gudummawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma mutum ba ya miƙa hannunsa sai ya amince da inda abinsa zai tafi.

Iyaye mata su ne ƙashin bayan zuwan yara. Idan aka kira suna kwana da kwanaki ba a ji yarinya ba, malamar ajin takan sanar da ƙungiyarsu, su kuma su shiga gidan, abin da malami namiji ba zai iya ba. Sau da yawa sukan tarar talla ce ta riƙe ta, ko raino, ko kuma yunifom ya yage babu kuɗin wani. Ba sa zuwa da faɗa, sukan nemi a mayar da tallar zuwa bayan an tashi, kuma suna tattara tsofaffin yunifom masu kyau daga gidajen da yaransu suka gama. Su ne ma suka matsa har aka ware wa 'yan mata banɗakinsu daban aka sa masa ƙofa, aka ajiye butoci, domin sun san manyan 'yan mata na aji biyar da shida suna ƙaurace wa makaranta idan babu wannan.

Sai dai mu iyaye maza muna da namu giɓin. Ana sa taron iyaye da malamai da hantsi a ranar aiki, lokacin da yawancinmu muke kasuwa ko kan adaidaita sahu ko wajen aiki, shi ya sa benci yake zama babu kowa a ɓangaren maza. Zauren WhatsApp da aka buɗe yana da amfani, amma ya bar masu ƙaramar waya a baya, kuma su ne suka fi yawa. Sanarwar da liman yake yi a masallaci ta fi isa ga kowa, kuma da za a mayar da taron zuwa yammacin Asabar bayan La'asar, na tabbata za a ga bambanci.

Ta fuskar abinci, shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 a kan naira 70 ga kowane yaro ya tsaya a farkon 2024, don haka yanzu yara sun dogara ne da abin da suka zo da shi ko abin da masu awara da ɗanwake da gurasa suke sayarwa a bakin ƙofa lokacin tara. Kwamitin ya sharɗanta musu rufe abincinsu, kuma suna kiyayewa. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne bulalar da ake yi wa masu latti a jimlace ba tare da an tambayi dalili ba, alhali wasunsu ɗiban ruwa ne ya tsayar da su, ba wasa ba. Katangar baya ma ta rushe ta wani gefe, awaki da masu yanke hanya suna ratsawa ana tsaka da darasi.

Ranar karɓar sakamako ana buƙatar uba ko uwa ko wani babba daga gida ya zo da kansa, ba a damƙa wa yaro katinsa shi kaɗai, kuma malamai suna ba da lokaci su amsa tambaya cikin mutunci duk da yawan jama'a. Katin kansa maki da matsayi kawai yake nunawa, don haka shawarata ga wanda zai sa ɗansa a nan ita ce kada ya tsaya a kan jin cewa yaro ya zo na biyar ko na goma, ya buɗe littafi a gaban malamin ya ce yaron ya karanta, sannan ya tambayi abin da za a taimaka da shi a gida. Ni zan bar 'ya'yana a makarantar, kuma a zaman kwamiti mai zuwa zan roƙi a riƙa rubuta wa 'yan aji huɗu bayanin aikin gida da Hausa a ƙarƙashin na Turanci.