Rigima Ɗaya, Mutane Daban-daban: Wace Jinyar Tattaunawa Za Ka Zuba Wa Kuɗi?

A ce mace ta yi aure uku. Mazan ba su san juna ba, halinsu ma ba ɗaya ba, amma kowane aure a wuri guda yake mutuwa: da miji ya yi kwana biyu bai sake mata fuska ba, sai ta fara haɗa kayanta tun ba a ce mata tafi ba. Irin wannan ne ke kai mutum wurin masanin halayyar ɗan'adam, kuma a nan ake yawan zuba kuɗi a inda bai dace ba.

Jinyar tattaunawa, wato magance damuwa ta hanyar zama a yi magana da masani, iri-iri ce. Wadda aka fi samu ita ce CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Ita ruwanta da yau ne: me kika raya a ranki da bai ɗaga waya ba, gaskiya ne ko zato, me za ki yi daban gobe. Akwai aikin gida, kuma galibi zama 5 zuwa 20 an kammala. Ga mai fargaba ko tsoron shiga jama'a, ita zan fara nuna masa. Ta fi araha, kuma ka san ranar gamawa.

Ta biyu kuwa, jinya mai zurfi da ke tono asalin matsala tun daga ƙuruciya, tushenta likita Sigmund Freud ne na Ostiriya, wanda ya rubuta a 1914 cewa abin da mutum ya kasa tunawa, maimaita shi yake yi a aikace. Tsohon salonta, na kwanciya a doguwar kujera sau 3 zuwa 5 a mako har shekaru, sai masu hannu da shuni. Na yanzu zama ne fuska da fuska, sau ɗaya ko biyu a mako, kamar minti 50, na wasu watanni ko fiye da shekara. Ba aikin gida, ba a cika ba ka shawara ba, wani lokaci har shirun ya ishe ka.

To me ake saya a wannan mai zurfin? Koma ga matar nan. Wata rana mai duba ta ya makara da minti biyar, ya shigo ba fara'a sosai. Nan take ta ƙudurta ba za ta sake zuwa ba. Gwani a nan zai tsaya, ya ce, "Hajiya, me kika ji da na shigo?" Daga nan a gangara, wataƙila har zuwa ranar da aka kai ta riƙo tana shekara shida ba wanda ya yi mata bayani. Halin da ke kashe mata aure ya bayyana a ɗakin, an kama shi yana faruwa. Idan matsalarka mai dawowa ce da sabuwar fuska, wannan ce ta cancanci kuɗin.

Akwai na tsakiya: salon masanin halayya Jeffrey Young, wanda ya haɗa tonon ƙuruciya da atisaye irin na CBT, da kuma jinyar ma'aurata ta Sue Johnson ta Kanada. Wannan ta ƙarshe sai maigida ya yarda ya zo, wanda a wurinmu shi kansa aiki ne ja.

Kafin ka biya, tambayi mutumin wane salo ya koya, a ina, zama nawa yake hange, kuma nawa ne kowane zama. Ka tambaya ko yana jin Hausa, domin ciwon da aka ji maka da Hausa da wuya ya fito da Turanci. Ka kuma shirya wa kunya: za a taɓo maganar iyaye, kuma faɗin abin da ya faru ba zaginsu ba ne.

Idan barci ya ƙaurace, ko abinci ya gagara, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, a ajiye duk wannan a ga likitan ƙwaƙwalwa tukuna. Asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri don haka suke, haka ma sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.