Faifan Ahmad Jamal na Marciac: idan za ku saya, DVD ɗin za ku fara sawa

Wata biyu kenan da faifan nan ya shigo hannuna, Live in Marciac na Ahmad Jamal, shahararren makaɗin fiyano na jaz ɗan Amurka, kullum ina cewa zan yi rubutu a kai sai yau Allah ya nufa. Fakiti ɗaya ne faifai biyu a ciki, sidi na sauraro da DVD na kallo, kamfanin Jazz Village ne suka fitar a 2015, shi kuma wasan an yi shi ran 5 ga Agusta 2014. Ta intanet na yi oda, wani abokina da ke karatu a waje ya taho mun da shi. Wanda ya sayar mun bai naɗe shi da kyau ba, kwalin ya zo a lanƙwashe ta gefe guda kuma gaskiya raina ya ɓaci dan ba kuɗi kaɗan na biya ba, amma faifan kansu lafiya lau ko ƙarzane babu. Laftof ɗina ba ta da wajen sa faifai, sai da na je gidan yayana na aro tsohuwar na'urar DVD ɗinsu na kakkaɓe ƙura na jona da talabijin.

Marciac ɗin nan fa ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Faransa, yankin Gers, mutanensa gaba ɗaya ba su kai 1,500 ba, gonaki ne suka zagaye shi. Tun 1978 suke bikin kiɗan jaz duk shekara, wani malamin makaranta Jean-Louis Guilhaumon ne ya jagoranci fara shi, yanzu abun ya kai suna kafa wani ƙaton tanti mai cin mutum wajen 6,000, wato 'yan kallon dare ɗaya sun ninka mutanen garin sau huɗu ko fi. A cikin tantin nan aka ɗauki wasan.

Lokacin Ahmad Jamal yana da shekara 84. A birnin Pittsburgh na Amurka aka haife shi a 1930, tun yana ɗan shekara uku ya fara taɓa fiyano, ya musulunta a 1950 shine ya ɗauki wannan sunan, kuma Miles Davis, babban mai busa ƙaho na jaz, da kansa ya sha faɗin irin abun da ya koya daga salonsa. Shi ko kalmar jaz ɗin ma ba ya sonta, cewa yake kiɗan gargajiyar Amurka ne mai daraja kaman yadda Turai ke da nasu. Allah ya yi masa rasuwa a Afrilun 2023 yana da 92, Allah ya jiƙansa.

To abun da ya sa nake cewa DVD za ku fara sawa. Ni sidin na fara ji a mota kusan sati guda, yana mun daɗi amma akwai wuraren da fiyanon ke ɗaukewa ɗif, sai ganga da bas, wato kayan kiɗan tsirkiya mai kaurin murya, kawai ke tafiya, na riƙa tunanin ko tsufa ne ya sa dattijon yake hutawa. Da na kalla sai na ga ashe ba hutu ba ne wallahi, aiki yake. Zai ɗage hannu daga kan fiyanon ya juyo ya kalli mai ganga, ya nuna shi da yatsa ɗaya, nan take kiɗan ya canza, wani lokacin ma miƙewa yake tsaye da farin gemunsa yana kallon yaransa kaman maigida na duba aiki a gona, sai can ba zato ya koma ya sauke hannu biyu da ƙarfi gaba ɗaya tantin ya amsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu a wajen biki ya san wannan, yadda uban kiɗi ke juya kowa da ido da kafaɗa ba tare da ya buɗe baki ba. Kunne kaɗai ba zai ba ka wannan ba, sai ka gani.

Mutum uku ne a bayansa kuma ba yara ba ne su ma. Herlin Riley a kan ganguna, ɗan New Orleans, Reginald Veal a kan bas ɗin nan babba na tsaye mai kama da ƙaton goge, su biyun duk sun daɗe suna aiki da shahararren mai busa ƙaho Wynton Marsalis, sai Manolo Badrena ɗan Puerto Rico da ya taɓa zama a ƙungiyar makaɗan jaz ta Weather Report, shi ke riƙe da ƙananan ganguna da kacau-kacau da tarkacensu. Riley ne ya fi tafiya da hankalina, murmushi yake yana kiɗa amma idonsa ko na sakan ɗaya ba ya barin hannun dattijon. A Blue Moon ne za ku fi ganin haka, tsohuwar waƙa ce da kowa ya gaji da ji amma sun ɗora ta kan wani bugu mai nauyi da bas ke ta maimaitawa, Jamal yana shigowa yana fita, ya taɓa waƙar kaɗan ya sake ta ya bar ka kana jira, na maido wajen nan baya ya fi sau biyar a dare ɗaya har matata ta leƙo tana tambaya ko faifan ne ya maƙale. Akwai kuma Strollin' na Horace Silver, shi ma makaɗin fiyano na jaz, wanda ya rasu a watan Yunin shekarar, ko wata biyu ba a yi ba kafin wasan, in ka san haka sai ka ji kiɗan ya zauna maka daban.

Inda ban gamsu ba shine Badrena, gwani ne babu musu, amma wani lokacin ƙarar tarkacensa tana cika wajen da na fi so a bar shi shiru, tunda shirun nan shine rabin daɗin Jamal. Sannan in talabijin ɗinka ƙaramar sifika gare ta kaman tawa bas ɗin zai ɓace maka, sai da na jona wata sifika ta daban kafin na ji Veal yadda ya kamata. Wanda kuma ke neman waƙa da murya ya sani babu mawaƙi a nan, kiɗa ne zalla sama da awa ɗaya.

In za ku yi oda ku tabbatar mai faifai biyun ne, ku tambayi mai sayarwa kai tsaye ko DVD ɗin na ciki musamman in na hannu ne, ku ce ya naɗe kwalin da kyau. Ni dai tara nake ba shi cikin goma, na'urar yayana kuma har yanzu tana ɗakina, na ce masa sai bayan sallah.