Yaya, a nan sai sun leƙa maƙogwaro kafin su ba da magani

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kuna lafiya, da Inna da yara. Saƙon murya da Kawu ya turo mini ne ya sa na zauna rubuta wannan. Da ƙyar na gane shi ne, kuma kin ce tun kafin azumi muryar take haka, yana ta shan zuma da citta da lemun tsami, ga ƙwayoyin da mai kemis ya haɗa masa.

A Ingila ba za ka shiga kemis ka ce a ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta a miƙo maka haka kawai ba, sai likita ko mai harhaɗa magani ya duba ka tukuna. Ganin likita ba a biya a wurin, amma mu baƙi mun riga mun biya tun wajen neman biza, fam 1,035 kowace shekara. Abin da ya fi damun mutane shi ne jira. In ciwon ba na gaggawa ba ne, mutum kan yi watanni kafin ya ga ƙwararre, abin da a Kano mai kuɗi a hannu zai iya samu cikin mako. Sai dai dishewar murya suna ɗaukarta da muhimmanci: wanda ya kai shekara 45 muryarsa ta daɗe a dishe ba dalili, ana tura shi layin gaggawa na binciken sankara.

Na taɓa raka wata tsohuwa da nake kula da ita wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya fesa mata magani a hanci, ya zura wata siririyar igiya mai kyamara, ya ce ta ja "iii". Sai ga maƙogwaronta a allo, 'yan tsokoki biyu farare suna haɗuwa suna rabuwa, su ne ke fitar da murya. Ɗaya na motsi, ɗayar na tsaye cik. Duka bai fi minti biyar ba, kuma a farke take. Kafin ya sa kyamarar ya riga ya yi mata tambayoyi, kuma tambayoyin ne suka fi tsaya mini a rai, don kusan kowace amsa tana nuna wani ciwo daban.

Murya mai fita kamar iska na zuba, mutum ya kasa tari mai ƙarfi, yana ƙwarewa in ya sha ruwa, wannan alamar shanyewar tsoka ɗaya ce, irin ta tsohuwar nan. Yakan biyo bayan aikin maƙoƙo, ko wani ƙari a ƙirji da ya danne jijiyar. Wanda kuwa yake tashi da safe muryarsa garau, kafin la'asar ta dishe, galibi mai aiki da murya ne: malamin makaranta, ladan, mai wa'azi, kwandasta. Tsokokin biyu ne suke yin kanta a inda suke gogar juna, kamar tafin hannun manomi. Wannan shi nake fata ga Kawu, don ya shafe shekaru yana ɗaga murya a kan ɗalibai cikin ƙurar hunturu, kuma yawanci ba ya buƙatar tiyata. A nan akwai ma'aikata na musamman da aikinsu ke nan, koya wa mutum yadda zai yi magana ba tare da ya wahalar da maƙogwaro ba. Ki gaya masa ya bar yin raɗa don hutar da murya, raɗa ma wahalar da ita take yi.

In akasin haka ne, murya ta fi muni da safe, ana yawan gyaran murya, ana jin kamar abu ya tokare, sai a zargi ruwan ciki mai hawowa, ko da mutum ba ya jin ƙwannafi. Akwai kuma wanda maganarsa ke yankewa kamar an shaƙe shi, amma in ya yi dariya ko waƙa sai ta fita lafiya. A gida da tuni an ce iska ce. Ciwon jijiya ne, ana yi masa allurar Botox mai sassauta tsoka duk bayan 'yan watanni.

Wanda nake tsoro, don yana iya zama sankara, shi ne dishewar da ba ta sauƙi ko da rana ɗaya, musamman ga wanda ya taɓa shan taba, in ta haɗu da wahalar haɗiya, ciwon kunne ɓangare ɗaya, kulluttu a wuya, ko rama. A ƙasarmu kuma dole a tuna da tarin TB, yana kama maƙogwaro. Dishewar mura ba ta wuce mako biyu zuwa uku.

Don Allah Yaya ku kai shi a leƙa. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kafin ku tafi ki tambaye shi yaushe ta fara, safe ta fi muni ko yamma, yana ƙwarewa, ya rame, ki rubuta a takarda, don kin san Kawu, a gaban likita cewa zai yi da sauƙi. Kuɗin mota da na kati zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda. A gaida Inna.