Katafila ko 'yan jinga: wa za a ba sharar sabuwar gona?

Wani ɗan uwa a wannan zaure ya ce ya sayi fili hekta goma a ƙauye, an daɗe ba a noma shi ba, kuma yana so tarakta ta shiga a daminar bana. Tambayarsa ita ce, ya ɗauko ɗan kwangila mai katafila, ko ya ba mutanen gari jinga su share da gatari da adda?

Malam, fara da duba abin da ya tsiro a filin. In sabara ce da kalgo da geza, da 'yan bishiyoyi jefi-jefi, aikin hannu ya wadatar. In kuwa daji ne mai manyan itatuwa, irin na kudancin Kaduna ko jihar Neja, hannu zai cinye rani bai gama ba, kututturen da ya rage kuma shi zai karya maka garmar tarakta.

Wajen sauri babu mai ja da katafila, har saiwa take tumɓukewa. Ɓarnarta tana wajen ƙasa. Ƙasar sama, wannan baƙar mai taki, 'yar kaɗan ce a gonakinmu. Direban da ke sauri ya gama ya tafi zai sauke ƙarfen gaban ya kankare ta tare da itacen, ya tara a gefe kamar tsauni. Ran da ya tashi za ka ga fili fes, ka ji daɗi. Sai ruwan farko ya sauka ka ga jar ƙasa da marmara sun fito, ruwa na gudu a kai ba ya shiga, masara ta tsiro rawaya. A cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, masanin ƙasa Rattan Lal ya gwada hanyoyin biyu a fili, ya samu zaizaya ta fi muni nesa ba kusa ba inda injin ya ture itace ya kakkaɓe saiwa, ta fi sauƙi inda aka share da hannu. Nauyin injin ma yana danne ƙasa, musamman in tana da lema, don haka aikin na rani ne.

Batun kuɗi, kada farashin awa ya ruɗe ka. Akwai kuɗin babbar motar da za ta kawo katafilar ta mayar, akwai dizal, kuma in ta lalace kwana nawa za ta yi a gonar, wa ke da asara? Ni dai na fi yarda da ciniki a kan hekta, wato mita 100 sau 100, a auna tare, a biya kashi-kashi bayan an duba aiki.

'Yan jinga su ma sai an yi magana dalla-dalla. Sassabe daban, tonon kututture da diga daban. Wanda bai faɗi na biyun ba tun farko, zai tarar an sare komai daidai gwiwa an ce an gama. Amma kana biya a hankali, itacen ya zama na girki ko na sayarwa, kuma ka saba da mutanen da za su sa maka ido a gonar in ka koma birni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko wanne ka zaɓa, shiga da fenti ka yi wa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo alama kada a taɓa su. Manoman Maraɗi, tun wajen 1983, da barin tohon kututture suka dawo da bishiyoyi a gonakinsu.

Ga hekta goma, shawarata a raba aikin: hannu ya share ƙananan, katafila ta zo ta tumɓuke manyan kututture kawai, kana tsaye a wurin. Kafin nan a kira dagaci da maƙwabta a taka iyaka, a tabbatar babu burtali a ciki, takardar ƙaramar hukuma kuma tana hannunka kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami.